Ranar da kayana suka ƙi fitowa a Gwanzu

Shekara tara kenan ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin, wata shekarar ma sau uku, amma da za ka tare ni kace Alhaji me ka sani a garin nan, wallahi abun da zan lissafa maka ba zai wuce yatsun hannu ɗaya ba. Filin jirgin Baiyun, masaukina a Xiaobei wanda mu muke cewa Shawbe, kasuwar yadi ta Zhongda, sito inda ake mana lodin kwantena, sai masallacin da muke Juma'a can kusa da lambun Yuexiu. Shikenan. Kai a ƙasa, kalkuleta a hannu, ido a kan samfur. Mu 'yan Kwari haka muke, in dai ba yadi ba ne to ba ma ganinsa.

Wannan zuwan ne Allah ya kawo dalili. Masu masana'antar da na ba aiki suka ce kaya Talata, Talata ta zo suka ce gobe, duk wanda ya taɓa harka da mutanen nan ya san wannan goben tasu, mingtiyan mingtiyan, ƙarshe dai suka fito fili suka ce sai Asabar wai injin rini ya samu matsala. Na zauna a ɗaki ranar Laraba da safe, raina a ɓace, kuɗin otal na tafiya, ga tikitin komawa sai an ɗaga. Sai ga yaron da yake min tafinta, wani Badamagare ne da ke karatu a wata jami'a a garin, yana ɗan taɓa aikin tafinta don ya samu na kashewa. Ya dube ni yace Alhaji wannan zaman ba zai fito da kaya ba fa, tashi in kai ka ka ga gari. Nace wane gari kuma, garin da na riga ka zuwa? Yace ai matsalar Bakano kenan, zai shekara goma a wuri bai san komai ba sai farashi. Kun san tsakaninmu da Damagarawa, sai na rama nace to ku da ba ku da abun sayarwa ai dole ku san hanya. Muka yi dariya, na sa takalmi.

Sai da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa sannan ya gaya min inda za mu. Wai wurin bautar mabiya Buddha, mai tsohuwar hasumiya. Na tsaya cak a cikin jirgin, nace kai ɗan nan, gidan gumaka za ka kai ni da furfurata? Yace Alhaji kallo za mu ba bauta ba, kuma daga nan tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce a ƙafa zuwa masallacin da ake cewa ya fi kowanne tsufa a ƙasar, can za mu yi azahar. Gaskiya zuciyata ba ta kwanta nan take ba, na yi ta juya abun, amma sai na tuna ai an ce mana mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, kuma ni na san abun da na yi imani da shi. Nace mu je, amma ba zan rusuna wa komai ba. Yace ba wanda zai ce ka rusuna.

Ga wanda zai so zuwa, hanyar ba wuya. Daga Shawbe layi na 5 za ka hau, tasha ɗaya tak zuwa babbar tashar jirgin ƙasa ta Gwanzu, ka sauka ka canza zuwa layi na 2 mai yin kudu, ka wuce tashar lambun Yuexiu, ka wuce ta zauren tunawa da Sun Yat-sen, ka sauka a Gongyuanqian. Daga nan ƙafa ce. Titin sunansa Liurong, sunan wurin ne aka sa masa. Abun da ya fara ba ni mamaki shi ne kusancin, wato duk shekarun nan abun yana bayan gidana kamar daga Kwari zuwa Kurmi da ɗan ƙari, ban taɓa sani ba.

Tun kafin ka ga ƙofar hancinka zai gaya maka ka iso. Turaren tsinke ne ko'ina, ba irin namu mai daɗi na Barebari ba, wannan yana da ɗan kauri yana shiga maƙogwaro. Shagunan titin duk kayan ibadarsu suke sayarwa, turare dami-dami, ƙananan gumaka, furanni, da wasu carbi masu manyan 'ya'ya waɗanda da ka gansu daga nesa sai ka rantse tasbaha ce irin ta tsofaffinmu. Yaron yace nasu 'ya'ya 108 ne. Ga mabarata a gefen bango suna miƙo kwano, nace oh, ashe bara a ƙofar wurin ibada ba mu kaɗai ba ne. A bakin ƙofa wata mata ta miƙo min tsinken turare guda uku, na ɗaga hannu na dafa ƙirji alamar na gode, ba ta ja ba ta miƙa wa na bayana.

Kuskurena na farko tun a ƙofa na yi shi. Ƙofofinsu suna da wani dokin ƙofa na katako mai tsayi, ya kusa rabin ƙwauri, ni kuma gwiwa ta fara ba ni matsala, sai kawai na taka shi na hau na sauka. Wata tsohuwa 'yar firit da ke shara ta taso min da faɗa, ban ji ko kalma ɗaya ba amma faɗan tsohuwa ai ba ya buƙatar tafinta, duk duniya iri ɗaya ne. Badamagaren nan yana ta ƙunshe dariya, yace Alhaji ba a takawa, tsallakewa ake. Nace to me ya hana ka faɗa tun a waje? Yace so nake in ga an yi wa Bakano faɗa. Na ba tsohuwar haƙuri da hannu biyu, ta yi ƙwafa ta ci gaba da shararta.

Ɗakin farko akwai wani gunki mai ƙaton tumbi yana dariya, irin wanda muke gani a kan teburin masu shaguna a kasuwa. Ni duk zatona shi ne Buddha ɗin. Ashe ba shi ba ne. Shi ainihin mutumin, Siddhartha Gautama, ɗan sarki ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yanzu, ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa, ya bar gidan sarauta ya shiga yawon neman mafita daga wahalar duniya, kuma a siffarsa ba mai ƙiba ba ne. Wannan mai tumbin suna ce masa Milefo, wai shi ne wanda suke jiran zuwansa nan gaba. A gefe da gefe kuma wasu ƙatti huɗu masu zare ido, ɗaya da takobi, ɗaya da laima, ɗaya da wani abu kamar garaya, su ne wai masu gadin kusurwoyi huɗu na duniya. Ban daɗe a nan ba.

Muna fita tsakar gidan sai ga ta. Wallahi sai da na riƙe hulata don kar ta faɗi. Hasumiya ce mai kusurwa takwas, ja da fari, kowane hawa da rufinsa da ya fito waje ya lanƙwasa sama a gefe kamar ganyen fure, shi ya sa suke ce mata Hua Ta, wato hasumiyar fure. A kowace kusurwa an rataya ƙararrawa, in iska ta kaɗa sai ka ji wani ƙara siriri yana saukowa daga sama, ba mai damu ba. Tsayinta mita 57 da ɗoriya. Na ƙirga hawa daga waje na samu tara, yaron yace daga ciki 17 ne, domin tsakanin kowane hawa biyu akwai wani ɓoyayye da ba a gani daga waje. A can ƙololuwa akwai wani ginshiƙin tagulla da aka zuba a 1358, an zana ƙananan siffofin Buddha sama da dubu a jikinsa, shi da sauran ƙarafan da ke tare da shi sun kai tan biyar. Ni abun da ya tsaya min kenan a rai, tan biyar, a saman gini mai wannan tsayi, ba kuren ba injin. Ni da na san yadda muke fama da 'yan dako kafin a hau da dila ɗaya bene na biyu a Kwari.

Na so in hau, duk da gwiwar, amma ƙofar a rufe take ranar. Sai nace to bari in zagaya in ganta ta kowane ɓangare. Nan na yi kuskure na biyu. Ƙafata da kanta ta ɗauki hanya, hasumiyar tana hagu da ni, ina tafe ina kallon sama, sai na ga ina ta karo da mutane, kowa yana kauce min yana kallona. Ashe su in za su zagaya, ginin a damansu suke sa shi, suna tafe a hankali hannu a haɗe suna motsa baki, ni kuma jiki ya saba da Makka, in an ce zagaye to hagu ne. Na ja gefe da sauri na koma bakin wata bishiya na tsaya, don ni ba ibada na zo ba, kar in shiga layin masu yi kuma kar in tare musu hanya.

A gindin bishiyar nan yaron ya ba ni tarihin, wani yana karantowa daga allon da aka kafa wani kuma daga kansa. An fara gina wurin a shekarar 537, zamanin wani sarki da ake kira Wu na daular Liang, wanda ya riƙi addinin Buddha da gaske. Wani malaminsu mai suna Tanyu ne ya taho da wani abu da suke ɗauka ragowar jikin Buddha ne daga ƙasar da take Kambodiya a yau, aka gina hasumiyar don a ajiye shi. Na yi lissafi a zuci, 537, wato kafin a haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da shekara talatin da wani abu. Sai na yi shiru. Ta farkon gobara ta cinye ta, aka sake gina gidan a 989, ita kuma hasumiyar aka tayar da ita a 1097, daga nan sai gyare-gyare. Nace masa to tsaya, a tarihin Kano an ce Sarki Gijimasu da ya fara ganuwa ya hau mulki a 1095 ne, kenan sa'annin juna ne da badalarmu. Yace eh, sai dai su tasu tana tsaye. Wannan maganar ta yi min zafi don gaskiya ce, duk wanda ya bi ta wajen badala yanzu ya san abun da ya rage.

Sunan wurin ne ya fi burge ni. Liu Rong, ma'anarsa ceɗiya shida. Bishiyar da suke ce wa rong ɗin nan 'yar'uwar ceɗiyarmu ce sak, har da saiwoyin nan da ke saukowa daga reshe kamar gemu. Wani shahararren mawaƙi kuma ma'aikacin gwamnati, Su Dongpo, wanda bakinsa ya ja masa aka yi ta korarsa daga fada har aka kai shi tsibirin Hainan, da aka yi masa afuwa yana hanyar komawa arewa a shekarar 1100 ya biyo ta nan. Malaman wurin suka roƙe shi ya rubuta musu wani abu, ya duba ya ga ceɗiyoyi shida a tsakar gida, sai kawai ya rubuta harafi biyu, shida, ceɗiya. Shekara ɗaya bayan nan ya rasu a hanya. Ceɗiyoyin da ya gani sun mutu tuntuni, waɗanda ke nan yanzu dashe ne na baya, amma harafi biyun suna nan a saman ƙofa, sun ma ture ainihin sunan gidan. Nace ai wannan Kano ce, Durumin Iya, Ceɗiyar 'Yan Gurasa, bishiya ta tafi suna ya zauna.

Babban ɗakin ibadar na leƙa ne daga bakin ƙofa ban shiga ba. Gumaka uku na tagulla a zaune, kowanne mita 6, nauyin tan 10, an zuba su a 1663. Mutane suna durƙusawa a kan wasu matasai, suna ajiye lemo da tuffa. Na ga wata budurwa da kayan ofis, jaka a kafaɗa, ta durƙusa ta daɗe, da ta ɗago idonta jawur, ta goge ta duba waya ta fita da sauri kamar wadda ta saci jiki daga wajen aiki. Ban san me ya dame ta ba amma na san irin wannan fuskar, na sha ganinta a asibiti. Na yi mata fatan shiriya da sauƙi a zuciyata. Akwai kuma wani ɗaki na wani malaminsu Huineng, mutumin wannan lardin ne na Guangdong, wai mai saran itace ne da bai iya karatu ba amma ya zama babban jagoran ɗariƙarsu, an yi mutum-mutuminsa tun 989. Yaron ya so ya ja ni cikin labarinsa, wai wasu na gardama tuta ce ke motsi ko iska, shi kuma yace zuciyarku ce ke motsi. Nace to ni yanzu cikina ne ke motsi, kuma azahar ta kusa.

Muka gangara kudu ta cikin lunguna, sai ga titin Guangta, sai ga hasumiyar masallacin Huaisheng, ita kuma ba ado ko ɗaya, doguwa ce mulmulalliya ruwan toka kamar an kafa alli, mita 36. Mutanen wurin suna danganta masallacin ga Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har ma kabarin da ke masallacin da muke Juma'a suna cewa nasa ne, duk da mu abun da muka karanta a wajen malamanmu shi ne a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Ko ma dai yaya ne, Larabawa da Farisawa 'yan kasuwa sun zauna a unguwar nan tun zamanin daular Tang, wato fatake irinmu. Muka yi alwala muka yi sallah, na ji jikina ya dawo daidai. Muka ci taliyar nan ta hannu a shagon Musulmin arewa maso yamma masu farar hula, sannan yaron yace saura wuri ɗaya.

Tafiyar ta ɗan yi nisa ga mai ciwon gwiwa, mun bi titin Zhongshan muka yi gabas, muka tsallake titin Beijing inda aka rufe wani rami da gilashi kana tafe kana ganin tsofaffin daɓen titi na zamani daban-daban ɗaya a kan ɗaya a ƙarƙashin ƙafarka, har muka kai titin Wende. Titin masu zane ne da masu rubutun buroshi da masu sa hoto a firam. Ya kutsa da ni wani lungu da mutum biyu ba za su jera ba sai da dabara, kayan shanya a sama suna ɗigo, sai ga wata ƙofa.

In ka san layin masu littattafai a Kurmi, ko masu baza tsofaffin littattafan boko a ƙasa wajen Bata, to ka haɗa su biyun ka cusa a ɗaki ɗaya. Daga ƙasa har silin littafi ne, wasu a kanta wasu a ɗaure da igiya kamar damin dawa, hanyar wucewa sai ka karkace. Warin tsohuwar takarda da danshi, don garin nan akwai lokacin da bango ma gumi yake yi. Fanka ɗaya tana juyawa a hankali, rediyo na magana ƙasa-ƙasa, ga mai shagon, dattijo da singileti da tabarau a kan hanci, yana manne bayan wani littafi da gam. Ya ɗago ya ga baƙin mutum da doguwar riga da hula, ya kalle ni na daƙiƙa biyu, ya koma kan aikinsa. A Gwanzu na saba da ka shiga shago a taso maka da fanyo fanyo, wato aboki aboki, a miƙo maka ruwan roba. Wannan ko a jikinsa.

Ni ba na karanta harafinsu ko ɗaya in ban da lambobi, don haka da hannu na yi ta kallo. Na ɗauko wani tsohon littafi mai laushin takarda, an ɗinke bayansa da zare, na buɗe ta hagu yadda ake buɗe na boko, yaron yace a'a Alhaji juya, ta dama ake fara shi kamar littattafanmu na zaure, sai dai rubutun daga sama yake gangarowa ƙasa. Asu ya ci gefensa ya yi ƙananan hanyoyi. Wani ya bi layukan da jan tawada yana sa ɗigo-ɗigo, kamar yadda almajiri ke sa wa allonsa wasali, a gefe kuma ya yi ƙananan rubutu, sharhi kenan. Na ga kwali cike da wasu 'yan littattafai kamar tafin hannu, kowane shafi hoto ɗaya da layi biyu a ƙasa, wai da su yaran ƙasar suka tashi kafin talabijin, har haya ake ba da su a bakin titi. Ga jajayen littattafan maganganun Mao masu bangon roba, tuli guda. Yaron yace an fassara shi harsuna da yawa har da Hausa. Ban yi mamaki sosai ba, don mahaifina yana kama sashen Hausa na rediyon Sin tun muna yara, su da suka fara watsa shiri da Hausa tun 1963. Na sa ya tambayi dattijon ko yana da na Hausar. Yace masa me yo, babu. Amma tambayar ce ta sa ya ajiye gam ɗin, ya ce wai wane yare ne wannan, mutum nawa ke yinsa. Da aka gaya masa miliyoyi ne masu yawa a ƙasashe da dama sai ya gyaɗa kai, ya jawo mana kujerun roba biyu, ya zuba shayi a wasu kofuna kamar murfin kwalba, ba sukari ba madara.

Da ya ji daga inda muke, hasumiyar fure sannan masallaci, sai ya miƙe ya shiga can ciki ya fito da wata taswirar garin, ta farkon shekarun 1980, ta yi laushi wajen ninki har an manne ta da salatif. Ya shimfiɗa a kan littattafai. Babu layin jirgin ƙasan nan ko ɗaya, don sai 1997 aka buɗe shi. Unguwar Tianhe da yanzu take cike da dogayen benaye, yawancinta fili ne. Ya sa yatsa a kan hasumiyar fure, ya sa wani a kan ta masallaci, yace mutanen da suna cewa garin Gwanzu jirgin ruwa ne, waɗannan biyun su ne sandunan da ake ɗaura wa tufar jirgin, wani bene mai hawa biyar da ke kan tudun Yuexiu kuma shi ne ɗakin matuƙi. Yace da can kogin yana kusa da masallacin, fitilar da ake kunnawa a saman hasumiyar ita ke nuna wa jirage hanya, shi ya sa ake ce mata hasumiyar haske. Yanzu kogin ya ja baya, benaye sun shanye su duka biyun, sai ka zo gindinsu kake ganinsu.

Sai ya tambayi sana'ata. Yaron yace yadi. Dattijon ya yi wata 'yar dariya, ya jawo wani album irin na hotuna, ya buɗe. Wasu 'yan takardu ne ƙanana kamar kan sarki, masu launi, kowacce da lamba da jan hatimi. Yace wannan ta hatsi, wannan ta mai, wannan kuma, ya zaro ɗaya ya ɗora min a tafin hannu, ta yadi ce. Daga 1954 har zuwa ƙarshen 1983, a ƙasar nan ko kana da kuɗi ba za ka sayi yadin auduga ba sai da wannan takarda, gwamnati ke raba wa kowane gida, da awon da suke kira chi, kashi ɗaya cikin uku na mita. Yace uwarsa takan tara na gidan gaba ɗaya kafin a yi wa mutum ɗaya riga, wa ya sa ya ba ƙani, ƙani ya sa a yi faci a ba na bayansa.

Na daɗe ina kallon 'yar takardar nan. Chi ɗaya aka rubuta, ko hular yaro ba za ta yi ba da kyau. 1983 fa. A 1983 ina yaro ina bin babana Kwari, masaƙun Kano da Kaduna suna aiki dare da rana, in an tashi daga aiki a Kakuri kekuna sai sun rufe titi, har wani attajiri ɗan Hong Kong, Cha Chi-ming, Kaduna ya zo ya kafa masaƙa a shekarun 1960. Atamfarmu ake ɗauka a kai Nijar da Chadi da Kamaru. A lokacin mutanen nan suna layi da takarda don yadin da bai kai rabin mita ba. Yau ni ne na biya kuɗin jirgi na zo ina roƙon a fito min da kwantena, ana ce min gobe. Ban ce komai ba, shi ma yaron da bakinsa ba ya shiru wannan karon bai tsokane ni ba.

Nace zan sayi taswirar da takardar yadin da ɗaya daga cikin 'yan littattafan hoton don ƙaramar 'yata. Ya faɗi kuɗi. Jinin Kwari ya motsa, na zaro kalkuleta na buga rabi na miƙa masa, har da tai gwai la ɗin da muka iya, wato ya yi tsada. Ya kalli kalkuletar, ya kalle ni, ya fara ninke taswirarsa a hankali zai mayar. Ba fushi ba komai. Yaron yace Alhaji nan ba Zhongda ba ne, kuɗin duka bai kai na taliyar da muka ci sau uku ba. Kunya ta kama ni, nace a ba shi yadda ya faɗa. Wajen biya kuma WeChat ɗina ya ƙi, ya yi ta juyawa, na zaro takardar yuan 100 ja, dattijon ya buɗe wata gwangwanin biskit ya yi ta tono kafin ya haɗa min canji, don yanzu kowa da waya yake biya. Ya naɗe kayan a tsohuwar jarida ya ɗaure da zare, sannan ya sake buɗe album ɗin ya ƙara min takardar yadi ɗaya, ta chi biyar, yace wannan kyauta ce, in haɗa in yi riga.

Mun fito la'asar ta yi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, dole muka tari tasi. Muna cikin motar waya ta yi ƙara, masu masana'anta ne, yaron ya ɗauka ya saurara ya ce hawda hawda, wato to to, ya kashe. Nace me suka ce? Yace wai Asabar ɗin ma ba tabbas, sai dai Litinin.